Dakta Ya Yi wa Masara Tiyata

Duk wanda ya ce muku Dakta likita ne, ku ce masa ni maƙwabcinsa na ce ƙarya yake yi. Gidana da nasa katanga ɗaya ce ta raba, gonata da wadda aka ba shi aro kuma kunya ɗaya, don haka babu abin da zai ɓoye mini. Aikin da ya yi a asibiti har ya yi ritaya shi ne tura keken marasa lafiya daga bakin ƙofa zuwa ɗakin awo. Amma ranar da ya bar aiki sai ga shi ya dawo mana da farar riga, da abin sauraren ƙirji mai kunne ɗaya, da baki wanda ba ya mutuwa. Tun daga ranar, ko atishawa ka yi a gabansa sai ya tambaye ka ko akwai mai irin wannan ciwo a danginku.

Zaman ritaya bai riƙe gida ba. Matarsa, baiwar Allah mai haƙuri, wadda yake kira Sista duk da ta hana shi, ita ta yi ta zarya gidan mahaifinta tana roƙon a ba mijinta gonar da ke bayan filin ƙwallo. Tsohon bai so ba, domin ya riga ya yi niyyar ba autansa. Da ta matsa, sai ya sauko, ya kafa sharaɗi a gabana da gaban Auta: aro ne na damina ɗaya. In masara ta yi, gona ta zama ta gidan 'yarsa. In ba ta yi ba, Auta ya karɓa, kuma kada wanda ya sake tayar masa da zancen.

Dakta ya gyara wuyan farar rigarsa ya ce, "Baba, damina ɗaya ma ai ta yi yawa. Ni da na ga an shigo da mutum ba ya numfashi ya fita da ƙafarsa, masara ce za ta gagare ni?"

Auta ya ce, "Yaya Dakta, ai turo shi kawai ka yi, ba kai ka tashe shi ba."

"To da ban turo shi ba, wa zai tashe shi?"

Tsoho dai ya ja sandarsa ya shige gida.

Ba a yi mako ba, na je duba gonata da sassafe, sai na ji ƙarar fartanya. A lokacin ko gajimare ɗaya babu a sama, ƙasa ta bushe ƙayau, zafi kuwa ba a magana. Na leƙa, sai ga Dakta cikin farar riga yana saran ƙasa, fartanya tana tsalle tana dawo masa.

Na ce, "Dakta, lafiya? Me ya ɓata?"

"Shuka nake yi."

"Da wane ruwan?"

Ya dube ni da tausayi. "Matsalarku ke nan manoma. Sai ciwo ya kama ku kuke neman magani. Ni rigakafi nake yi. Kafin ruwa ya zo masarata ta riga ta saba da wurin. Lokacin da kuke neman iri, ni ina neman buhu."

Yana jefa iri yana gaba, kajin unguwa suna biye da shi suna tonewa. Zabi suka ji labari suka zo da danginsu. Kafin rana ta take babu ƙwaya ɗaya a cikin ƙasa. Da na nuna masa, ya ce ai marasa ƙwarin suke cirewa, shi ma da ma yana da niyyar tantancewa. Ya sake shukawa, wannan karon ya zauna gadi da lema da majajjawa, ya harbi zakaran mai wanki, aka kwashi rana ana ba da haƙuri.

Sai Allah ya jarrabe mu da wani ɗan yayyafi, irin wanda ke zuwa ya yaudari mai gaggawa ya tafi abinsa. Masarar Dakta ta tsiro. Wayyo, ranar ba mu sha iska ba! Ya bi shago shago, daga na aski zuwa na mai gyaran babur, yana tambayar kowa, "Taka ta tsiro? Au, ba ka ma shuka ba? Allah sarki."

Malamin gona, wani natsattsen mutum da ke zagaya mu a kan babur, ya tsaya ya ce masa, "Ranka ya daɗe, ruwa bai zauna ba. Masara tana son a shuka ta in ƙasa ta sha ta ƙoshi. Wannan za ta sha wuya."

Dakta ya ce, "Malam, kai a takarda ka karanta. Ni rai na riƙe da hannuna."

Rana ta dawo da ƙarfinta. Tsiron ya fara naɗe ganye yana langaɓewa. Dakta ya durƙusa, ya ɗora abin sauraren ƙirji a kan wani tsiro da bai fi yatsa ba, ya rufe ido ya saurara, sannan ya miƙe ya sanar da mu cewa ruwan jiki ne ya ƙare. Washegari muka tashi muka ga abin da ban taɓa gani ba tun da uwata ta haife ni. Ya samo tsofaffin ledojin ƙarin ruwa buhu guda, ya kafa sanduna layi layi, ya rataya wa kowane tsiro na gaba leda ɗaya, igiyar tana ɗiga a gindinsa. Waɗannan, in ji shi, su ne masu tsanani. Na baya da sauƙi, su da bokiti ake ba su.

Ruwan kuwa daga tankin gidansa yake ɗiba. Ta katanga nake jin su, shi da matarsa.

"Malam, ina ruwan da na tara na wanki?"

"Sista, akwai marasa lafiya a kwance, ke kina zancen wanki?"

"Na ce ka daina ce mini Sista! Da me zan yi girki?"

"Ki yi haƙuri, da kaka za ki gode mini. Miƙo mini butar nan."

"Ita kaɗai ta rage!"

"To, rabi."

Wallahi mutumin nan ya wahala, wannan ban hana shi ba. Ya rame, ya yi baƙi, farar riga ta koma kalar ƙasa. Amma da taurin kai da ruwan wankin matarsa ya riƙe masarar nan da rai har damina ta sauka da gaske. Ranar da muka fita shuka, tasa ta kai gwiwa. Ya kawo kujera ya zauna a kan iyaka yana kallonmu, yana ce mana mu yi a hankali kada mu yi wa marasa lafiyarsa hayaniya.

A makon ne malamin gona ya tara mu a ƙarƙashin bishiyar bakin hanya, ya nuna mana wata 'yar kwalba ta maganin ƙara wa shuka girma. Ya yi bayani dalla-dalla: murfi ɗaya a cikin famfon feshi cike da ruwa, a fesa sau ɗaya tak idan masara ta kai gwiwa, shi ke nan. Ya maimaita, ya sake maimaitawa.

Dakta ya ɗaga hannu. "Sau ɗaya a rana kake nufi?"

"Sau ɗaya a damina."

Dakta ya yi dariya har da riƙe ciki. "Jama'a, ku ji mini! A duk shekarun da na yi a asibiti ban taɓa ganin maganin da ake sha sau ɗaya a warke ba. Magani safe, rana da yamma ne, bayan an ci abinci. Kuma ko an ji sauƙi sai an shanye."

"Ranka ya daɗe, wannan ba mutum ba ne. In ya yi yawa kara zai yi ta tsawo ba ƙwari."

"Tsawon ai shi ake nema, Malam. Ka taɓa ganin an yi kuka da yaro don ya yi tsayi?"

Daga nan shagon kayan noma ya wuce, ya kwaso kwali guda. Aka shiga jinya gadan-gadan. Da safe ya barbaɗa taki, wai karin kumallo, ya jira kaɗan abinci ya faɗa, sannan ya goya famfo ya fesa. Da rana haka, da yamma haka. Ranar da ya makara, sai ya ninka na yamma don a cike gurbi.

Masara kuwa ta ce bismillah. Kana tsaye kana ganin tana miƙewa. Ta wuce kafaɗa, ta wuce kai, ta wuce ragar filin ƙwallo. Siririya, fara fat, gaɓa da gaɓa kamar sandar rake da ta yi jinya. Inuwarta ta rufe mini kunya biyar, tawa ta koma rawaya. Da na yi magana sai ya ce kyauta nake samun inuwa, ban ko gode ba. Mutane suka fara zuwa kallo daga wasu unguwanni. Direbobi suka mayar da ita alamar kwatance, ka ji ana cewa a sauke ni a dogon kara. Dakta ya kewaye gonar da igiya, ya sa lokacin ziyara, bayan la'asar kawai, mutum biyu-biyu, kuma ba a shiga da takalmi.

Auta ya zo ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi. "Yaya Dakta, wannan in ta nuna da jirgin sama za a girbe ta?"

"Kai dai ka fara neman wata gonar, yaro. Wannan ta fi ƙarfinka."

Sai aka yi iska. Ba wata babbar iska ba ce, tawa ko gezau ba ta yi ba. Amma da gari ya waye rabin gonar Dakta a kwance take, wasu sun faɗo cikin tawa, wasu sun tare hanya har mai amalanke ya kasa wucewa. Na ce to, yau bakin nan zai mutu. Ina! Ya zagaya, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce karaya ce mai sauƙi, ɗori za a yi. Ya tafi gida ya zare katakon gadonsu, ya tumɓuke sandunan shanya, ya yayyaga zannuwan matarsa biyu ya yi bandeji. Kafin yamma kowane kara yana tsaye da sanda a ɗaure, an naɗe shi da atamfa mai furanni.

Matar ta zo har gona, abin da ba ta saba ba. Ta tsaya ta kalli zaninta na fita a ƙugun masara. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, ni ba zanin ne ya dame ni ba. Sau nawa na durƙusa a gaban Baba saboda gonar nan? In ta kuɓuce mana, me za mu ci? Don Allah ka bar ta ta huta, ka kira malamin gona ya duba."

"Sista, likita biyu ba sa haɗuwa a kan gado ɗaya."

"Ai ko ɗayan ban gani ba."

Ta juya ta tafi, shi kuma ya ce mini damuwa ce ke damunta, zai rubuta mata magani.

Bayan 'yan kwanaki masarar ta fitar da furen nan da ke fitowa a ƙolin kara, wanda kowane manomi ya san in ya fito goyo na tafe. Dakta ya hango shi daga ƙasa, ya sa hannu a goshi, fuskarsa ta canza.

"Maƙwabci, ka ga abin da nake gani?"

"Na gani. Fure ne."

"Ƙari ne. Tsiro ne a ka. Shi ke shanye abincin da ya kamata ya tafi ga goyo. In ba a cire shi da wuri ba zai bazu."

"Dakta, kowace masara tana yin wannan! Tun kakanninmu haka take!"

"Shi ya sa tun kakanninku kuke fama. Gobe akwai tiyata."

Na rantse masa, na haɗa shi da Allah, ya ce dangin mara lafiya kullum haka suke, tsoron wuƙa. Washegari ya aro tsanin mai gyaran wuta, ya tafasa almakashin matarsa a tukunya, ya ɗaura ƙyalle a hanci. Ya jingina tsani a jikin kara, kara ya lanƙwashe, Dakta ya taho da ka cikin gonata ya murƙushe mini kunya guda. Ya tashi yana ɗingishi ya ce gwaji ne. Daga nan ya ɗaure almakashi a bakin doguwar gora, ya sa igiya yana ja daga ƙasa. Ƙyas, ƙyas, ƙyas, fure yana zubowa a kansa, yana atishawa yana cewa, "Na gaba!"

Ana cikin haka malamin gona ya tsaya da babur a bakin igiya. Dakta ya tare shi da gudu kafin ya ɗaga kai, ya ce ana tiyata, ba a shiga, kuma lokacin ziyara bai yi ba. Mutumin yana sauri zuwa wani taro, ya girgiza kai ya wuce. Kafin magariba gonar nan kaf an yi mata aski.

Abin haushi, goyo ya fito. Manya-manya, da gemu har ƙasa, ɓawo kore shar. Ni kaina sai da na fara shakkar kaina. Dakta kuwa ba ya taka ƙasa. Ya hana kowa taɓawa, wai ɗinki bai warke ba. Da gemu ya bushe, tamu a lokacin ko fure ba ta gama fitarwa ba, sai ya sa ranar girbi. Ya ɗauko hayar kujeru da rumfa da lasifika. Ya gayyaci unguwa kaf, da direbobi, da malamin gona don ya zo ya koyi aiki. Ya aika Auta ya ɗauko tsoho a mota, aka zaunar da shi a gaba. Buhuna ya jera sababbi fil, tsibi guda. Matarsa ta zauna a gefen mahaifinta da babban kwano a cinya.

Ya yi jawabi mai tsawo a kan rigakafi da shan magani a kan lokaci. Sannan ya sa gora ya karyo goyon da ya fi kowanne girma, ya riƙo shi da hannu biyu, ya durƙusa ya miƙa wa surukinsa.

"Baba, kai za ka buɗe mana da hannunka mai albarka."

Tsoho ya fara ɓarewa. Ya cire ɓawo, ya cire wani, ya cire wani. Wuri ya yi tsit, lasifika tana ɗaukar ƙarar ganye. Ya ci gaba da cirewa har ɓawo ya taru a gabansa. Daga ƙarshe ya ɗaga abin da ya rage: totuwa fara sol, siririya, babu ƙwaya ko ta rantsuwa.

Dakta ya ce, "Wannan ai na gwaji ne. A kawo wani."

Aka kawo wani, haka. Aka kawo na uku, haka. Jama'a suka tsallake igiya da takalmansu, kowa ya karya yana ɓarewa. Can mai aski ya yi ihu, "Na samu! Na samu!" Aka ruga. Ƙwaya biyu ce a jiki, ɗaya nan ɗaya can, kamar haƙoran kakata. Wani ya ce a ba shi ya ɗauki hoto.

Malamin gona ya ɗaga kai yana duban ƙolin karan, ya daɗe yana dubawa. "Ranka ya daɗe, ina furen?"

"Na cire. Ƙari ne."

Mutumin ya zauna a kan kunya dirshan. Ya ce, "Garin da ke zubowa daga furen nan shi ke sauka a kan gemu, shi ne ke zama ƙwaya. Ba shi, ba masara. Da ma tare da mutane ka shuka, da iska ta kwaso maka na maƙwabta ka samu wani abu. To ka riga kowa. Lokacin da taka take nema, duk faɗin wurin nan babu fure sai naka, shi kuma ka aske."

Dakta ya ɗaga kai shi ma ya dubi ƙolin karan. Ya manta lasifika na bakinsa, ya ce, "Wato mazan na yanke?"

Mahauci daga baya ya ce, "Dandaƙa ka yi wa gona guda, Dakta! Ni da sana'ata ban taɓa yin mai yawan wannan ba!"

Wuri ya kaure. Wani ya faɗo daga kujera. Auta ya kwanta a ƙasa yana bugun ƙasa da hannu. Dakta ya yi ta ɗaga hannu yana cewa ai ko ba komai an samu kara, dabbobi za su ƙoshi. Mai shanu da ke wucewa ya janyo saniyarsa ya miƙa mata ganye. Ta shinshina, ta yi atishawa, ta juya ta kama cin buhu.

Ni ma na yi dariya har hawaye, ba zan ɓoye ba. Sai da na waiga na ga matar, dariyar ta yanke. Ta sauko daga kujera ta durƙusa a gaban mahaifinta, kwanon a gefenta, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri."

Tsoho ya dafa kanta. "Tashi, 'yata, ba ke kika yi ba." Ya juya ga Auta. "Gobe ka zo ka share gonarka."

Dakta ya matso da gwiwa. "Baba, damina ɗaya kawai a ƙara mini. Yanzu na gano ciwon."

"Na ba ka 'yata shekara da shekaru, ga ta nan da lafiyarta, na gode Allah. Yau na gane dalili: ba ta shan maganinka." Ya miƙa wa Auta hannu ya tashe shi. "Magana ta ƙare, kamar yadda muka yi."

Jama'a suka watse, mai kujeru ya kwashe kayansa. Na tsaya ina tattara karan da suka faɗo mini. Matar ta bi layi tana tsince 'yan totuwar da ke da ƙwaya, tana murzawa a cikin kwano, ko gindinsa ba su rufe ba. Dakta yana biye da ita a baya, yana buɗe baki yana rufewa.

Daga ƙarshe ya ce, "Sista..."

Ba ta ko hana shi ba wannan karon. Ta ce, "Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Baba ya tambaye ni ko ka iya noma, na ce a'a, amma kai mutum ne mai jin magana. A kan wannan ya ba ka."

Ta ajiye masa kwanon a gabansa ta kama hanya. Ya daɗe a tsaye, sannan ya sunkuya ya ɗauka. Bai bi ta gaban shaguna ba, ta bayan filin ƙwallo ya zagaya ya tafi gida.